Adon gida a kaka da hunturun Amurka: me zan ɗauka, me zan yi da hannuna?

"Assalamu alaikum Anti. Watanmu bakwai da zuwa Kolombus a jihar Ohayo, ni da maigidana da yara uku. Tun shigowar Satumba unguwarmu ta canza kama: kabewa a kowace ƙofa, damin karan masara, wani zagayayyen ganye a jikin ƙyaure, kuma an ce fitilu na tafe. 'Yata mai shekara 7 ta tambaye ni me ya sa gidanmu ne kaɗai babu ado, ko mu ba ma murna ne. Maganar ta tsaya mini a rai. Mu Musulmi ne, ba na son in kwaso abin da ban san asalinsa ba, kuɗin kayan kanti kuma ya fi ƙarfinmu. Mene ne ma'anar abubuwan nan, kuma me zan iya yi da hannuna a gidan haya?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da baƙunta, sannu kuma da sanyi tun kafin ya kankama. Na karanta saƙonki sau biyu, kuma ni ma maganar yarinyar ce ta fi taɓa ni, don nawa sun yi mini irinta a shekararmu ta farko a Minesota. Yau shekarata 14 a nan, takwas daga ciki ina koya wa mata da yara aikin hannu a wata cibiyar unguwa, yawancinsu baƙi irinmu, Somaliyawa da Oromo da mutanen Laberiya. Idan na fahimce ki, kina son ki san abin da kowane ado yake nufi a wajen masu shi kafin ki rataya shi, sannan ki samu abin da za ki haɗa da yaranki ba tare da kin zubar da kuɗin cefane ko kin ɓata bangon mai gida ba.

Abin da ke ƙofofin maƙwabtanki

Adon da kike gani kashi biyu ne da suka cakuɗe, kuma da zarar kin iya raba su, rabin damuwarki ta tafi. Akwai na yanayi, akwai na biki.

Kabewa zalla wadda ba a fafe ba, damin kara, masara mai launi-launi da ake ɗaurewa uku-uku, dunƙulen ciyawa, mutum-mutumin korar tsuntsu, duk waɗannan kayan kaka ne. Manomi ne yake cewa amfanin gona ya zo gida. Ke da kika taso kina ganin an jera dami a ƙofar rumbu ba baƙon abu ba ne a wajenki. Kabewa da masara ma asalinsu daga nahiyar Amurka ne, daga nan suka yaɗu har suka iso gonakinmu.

Na biki kuwa kowanne da tarihinsa. Kabewar da aka fafe aka yi mata idanu da haƙora ta daren Halowin ce, 31 ga Oktoba. Al'adar ta zo ne da mutanen Ayalan, waɗanda a ƙasarsu wani saiwa mai kama da babban gwaza suke fafewa su sa wuta a ciki, da suka iso Amurka suka tarar kabewa ta fi sauƙin yanka. Ƙwarangwal da fatalwa da saƙar gizo-gizo duk na wannan daren ne. Wani abu da zai yi miki amfani: yara suna bin gida-gida neman alewa a daren, kusan yadda namu ke zagayen tashe, kuma ƙa'idar da kowa ya sani ita ce fitilar ƙofa. Idan tana kunne, an yi maraba da su. Idan kin kashe, za su wuce, ba wanda zai ga laifinki.

Ranar Godiya, wadda suke kira Thanksgiving, tana faɗowa Alhamis ta huɗu a Nuwamba. Shugaba Abraham Lincoln ne ya ayyana ta ga ƙasa baki ɗaya a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, majalisa kuma ta tsayar da ranar a doka a 1941. Adonta na tebur ne: ganye, kabewa, hatsi, talotalo. Abu ɗaya nake hana ɗalibaina, shi ne yi wa yara hular gashin tsuntsu ta takarda da sunan kwaikwayon 'yan asalin ƙasar. Da yawa daga cikinsu ranar tana tuna musu ƙasar da aka ƙwace ne, har wasunsu suna taron makoki a garin Plymouth na jihar Massachusetts duk shekara tun 1970. Baƙo bai kamata ya shiga wasa da ciwon masu gida ba.

Bishiyar Kirsimeti daga Jamus ta fito, ta bazu a Ingila da Amurka bayan an buga hoton Sarauniya Biktoriya da iyalinta kewaye da ita a 1848. Fitilun lantarki a jikinta wani abokin aikin Thomas Edison, Edward Johnson, ya fara sa su a Niyok a 1882. Idan kin ga alkuki mai rassa tara a taga, gidan Yahudawa ne suna bikin Hanuka na dare takwas. Mai kyandir bakwai, baƙi da ja da kore, na Kwanza ne, bikin da baƙaƙen Amurka suka fara a 1966.

A nan zan tsaya inda iyakata take. Ni mai aikin hannu ce, hukuncin halas da haram na malamai ne, ku tambayi wanda ke da maigidanki kuka amince da iliminsa. Abin da nake yi a gidana dai shi ne, ina ɗaukar na yanayi, ina barin alamar bikin da ba nawa ba ga masu shi, tare da girmama su.

Ki kuma san dalilin da ya sa mutanen nan suka ɗauki fitila da zafi haka. A Kano ko a tsakiyar hunturu yini ya haura awa 11. A Kolombus, wajen 21 ga Disamba, awa tara ne da 'yan mintuna, rana tana faɗuwa da ƙarfe biyar da kaɗan. Mu nan Miniyapolis, a jihar Minesota, huɗu da rabi an yi magariba. Ranar Lahadin farko ta Nuwamba za a mayar da agogo baya da awa ɗaya, sai ki ga yara sun dawo makaranta duhu na binsu. Duhun nan yana taɓa zuciya, musamman ta wanda ya taso cikin rana. Saboda haka ba na ɗaukar adon hunturu a matsayin almubazzaranci. Gida mai haske da ɗumi magani ne ga uwa da 'ya'yanta.

Kaka: kayan aikin suna zube a ƙasa

Ki fara da ganye, don kyauta ne kuma ba ya jira. A Ohayo launinsa yana cika daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshenta. Idan yini ya gajarta, koren sinadarin da ganye ke cin hasken rana da shi yakan janye, sai rawaya da ruwan lemu da ke ɓoye ƙarƙashinsa su fito, wasu itatuwan kuma su ƙara ja. Mafi kyau shi ne ganyen mapul, mai yatsun nan da ke jikin tutar Kanada. Ku tsinto wanda bai daɗe da faɗowa ba, mai laushi, wanda idan kin lanƙwasa ba ya karyewa. Ku tsinta a harabar gidanku ko bakin titi, don yawancin gandun shaƙatawa na hukuma sun hana ɗibar komai.

Ganyen da aka bari haka nan kwana biyu yake yi ya nannaɗe ya ruɓushe, hitar gida tana ƙara masa sauri. Maganinsa abu ne da kika sani tun gida: gilisarin, wanda muke haɗawa da man shafawa lokacin hunturu saboda kaushi. Ana samunsa a kantin magani. Ki haɗa kofi 1 na gilisarin da kofi 2 na ruwan ɗumi a faranti mai faɗi, ki jera ganyen a ciki, ki danne da wani farantin don ya nutse. Bayan kwana uku zuwa biyar ki tsame ki goge da tsumma. Gilisarin ɗin ya maye gurbin ruwan da ke cikin ganyen, sai ya zama kamar jemammiyar fata, ya yi watanni bai karye ba. Rawaya ya fi riƙe launinsa, ja yakan ɗan yi duhu. Idan yara ba su da haƙurin jiran kwanaki, ki sa ganyen tsakanin takardu biyu masu kaki, irin na naɗe abinci, ki rufa ƙyalle ki bi da dutsen guga mara zafi sosai. Su yanke kewaye, ki huda, ku zura a zare ku rataya a taga inda rana za ta ratsa.

Wancan zagayayyen abu na jikin ƙyaure, ni gammo nake kiransa a ajinmu, kuma sunan ya bi shi, don siffarsu ɗaya. Ba ki buƙatar sayen ƙashinsa. Ki samu kwali mai kauri, ki kifa babban faranti ki zana, ki kifa ƙarami a tsakiya ki sake zanawa, ki yanke zoben. Faɗin inci 12 zuwa 14 ya isa ƙofar gidan haya. Ki naɗe shi da igiyar rama ko tsagaggen ƙyallen atamfa har kwalin ya ɓuya, sannan ki liƙa ganyen da bindigar gam, duk suna kallon gefe ɗaya, kowanne yana rufe gindin na gabansa. Bindigar a hannunki za ta tsaya, yara su miƙo ganye, don gam ɗin yana ƙuna. Wanda na fi so ma na ɓawon masara ne. Kantunan mutanen Meziko suna sayar da shi busasshe a leda, don da shi suke naɗe wani abincinsu mai kama da alala. A jiƙa shi minti goma a ruwan ɗumi, a tsaga, a ninka, a ɗaure a jikin zoben. Idan ya bushe yakan yi fari sol da ɗan murɗewa, kuma yana kai shekaru.

Gammo na ganyen kaka ba ya nuna wani addini. Amma in ya zama kore shar da jan ƙyalle a Disamba, maƙwabta za su karanta shi a matsayin na Kirsimeti. Ni idan Disamba ta kama faifai nake ratayawa a madadinsa. Wannan ya kawo ni kan abin da nake roƙon duk wata Bahaushiya a ƙasar nan: duk mai zuwa daga gida, ki ce ya saƙo miki faya-fayi cikin akwati. Ba su da nauyi, ba sa fashewa. Jera saƙaƙƙun faya-fayi da kwanduna a bango abin yayi ne a gidajen Amurkawa, suna sayen kwandunan Bolgatanga na Gana da tsada. Mu kuwa jere gadonmu ne. Kakata a ƙauyenmu na ƙasar Katsina, bangon ɗakinta daga sama har ƙasa kwanuka ne da ƙore da faya-fayi, kuma duk bayan kaka sai ta sauke su ta wanke, an yi sabon yaɓe da daɓe, ta mayar. Biyar ko bakwai masu girma daban-daban sun isa bango guda. Ki fara shimfiɗa su a ƙasa ki ga yadda suka zauna, babba a tsakiya ya ɗan karkata gefe, kafin ki ɗaga su. Kada ki buga ƙusa. Akwai maratayi mai gam, mai suna Command, da ake cirewa ba tabo, in dai kin ja gam ɗin ƙasa a hankali, ba ki fizgo shi waje ba. Kuɗin ajiyar da kuka ba mai gida zai dawo muku cif.

Kabewa kuwa ki saya biyu ko uku a kasuwar manoma, ki duba wadda ba ta da rauni kuma hannunta bai cire ba. In ba a fafe ta ba takan yi wata biyu a wuri mai sanyi, fafaffiya kuwa da wuya ta cika mako ba ta yi funfuna ba. Daren da aka ce za a yi ƙanƙara ki shigo da ita, don in ta daskare ta narke ruɓewa take. Kurege ma ba ya raga mata. Ki zaɓi ƙanana masu nauyi da suke yin abinci da su, saboda manyan na fafewa ruwa ne da zare-zare. Ta gama ado ta shiga miyar taushe, 'ya'yan a soya wa yara. 'Yarki tana iya zana mata furen lalle da farin fenti a gefe ɗaya, a fere wajen ranar da za a dafa.

A kasuwar manoman za ki ga duma, shi ne dai namu na ƙwarya da buta, su gidan tsuntsu suke yi da shi. Ɗanye yana ɗaukar watanni kafin ya bushe, a wuri mai iska, ana juya shi. Bayansa zai yi funfuna, wannan ba lalacewa ba ce. In kin girgiza kin ji 'ya'ya suna kacau-kacau, ya yi. A jiƙa a kankare, sannan a yi zane da alƙalamin ƙona katako, wanda aikinsa ɗaya da zazzafan ƙarfen masu zanen ƙwarya. A waje ake yankan sa, da ƙyalle a hanci, ƙurarsa tana shaƙe mutum. Wannan aikin shekara ta biyu ne, ki bari sai kin zauna da gindinki.

Hunturu: haske da ƙamshi

Idan ganye ya ƙare, lemu ya shigo. Ki yanka shi fale-fale, kauri kamar rabin santimita, ki tsane ruwan da tsumma, ki jera a obin a kan 200. Ki lura obin ɗin nan da ma'aunin Faranhait yake aiki, 200 ɗinsa bai kai 100 na wanda muka saba ba. Awa uku zuwa huɗu, kina juyawa duk bayan rabin awa, har sai ya daina danƙo. Shekarar da na fara koyar da wannan, na yanka da kauri na kuma tura a leda yana da sauran laima, kafin mako biyu duk aikin ɗalibaina ya yi kore. Na ji ciwon abin, don yara ne suka yi shi da ɗoki. Tun daga nan sai ya kwana biyu a sarari kafin in zura shi a zare, da sandar kirfa a tsakani. A taga yakan yi kamar gilashi mai launi. Lemu guda kuma da aka soke da kanumfari ko'ina yana ƙamsasa ɗaki makonni, kuma aiki ne da yaro ɗan shekara huɗu zai iya in kin huda masa da tsinke.

'Ya'yan itacen fayin, masu ɓawo-ɓawon nan, sukan zo da ƙwari da ƙaro. A shimfiɗa takardar alminiyam a sa su a obin a kan 200 na rabin awa zuwa minti 45, kina kusa. Za su buɗe su yi sheƙi. A zuba a akushi ko ƙwarya a tsakiyar tebur, ya wadatar.

Ga ƙananan yara babu kamar kwaɓin gishiri: fulawa kofi 2, gishiri kofi 1, ruwa kusan kofi 1. A murza, a yanka wata da tauraro da dagi, a huda sama, a gasa a wuta kaɗan awa biyu zuwa uku. Su yi fenti, ki shafe da gam fari don kada laima ta shiga. Ba na ci ba ne, a nisanta shi daga mai rarrafe.

Fitila kuwa daga kwalaben da kike zubarwa za ta fito. Ki sirka farin gam da ruwa rabi da rabi, yara su manna yagaggiyar takarda mai shara-shara a bayan kwalbar, a sa ƙaramin kyandir na batir a ciki. Na batir na ce, kuma ina nufin haka. Gidajen nan katako ne a ƙarƙashin fenti, wutar kyandir ɗaya da labule sun isa. Ki duba murfin batirin a ɗaure yake da noti, domin batirin nan mai kama da maɓalli in yaro ya haɗiye yana ƙona maƙogwaro cikin awoyi, asibiti ake garzayawa nan take. Duk wani busasshen ado ya yi nesa da hita kamar taku uku. Wutar ƙasar nan 120 ce, ba 230 irin tamu ba, don haka fitilun da aka kawo daga gida ba za su yi aiki daidai ba. Ki saya a nan, masu tambarin UL, wato shaidar an gwada ingancinsu, kuma na cikin ɗaki ba a sa su a waje. Jajayen 'ya'yan itatuwan ado irin su holi guba ne ga yara. Sannan turaren wuta: zai tayar da na'urar jin hayaƙi. Ki buɗe taga ki rage garwashi ko ki koma kaskon lantarki, amma kada ki cire batirin na'urar. Na san gidajenmu da yawa da suke yin haka, kuma hankalina ba ya kwanciya da shi.

'Yan'uwanmu Hausawa Kirista da ke karanta wannan, in za ku sayi ɗanyar bishiya, a yanke kamar inci ɗaya daga gindinta kafin a tsayar da ita, kuma kada ruwan mazauninta ya ƙafe ko na yini ɗaya. Busasshiyar bishiya tana kamawa kamar kara.

Azumi yana gangarowa cikin sanyi

Ga abin da za ki gaya wa 'yarki, kuma gaskiya ne. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kusan kwana 11, don haka Ramadan yana matsowa baya kowace shekara. A 2025 ya kama a farkon Maris, a 2026 wajen 18 ga Fabrairu. A lissafi, kafin ganin wata, na 2027 zai zo farkon Fabrairu, na 2028 ƙarshen Janairu, 2030 kuma za ta ga Ramadan biyu, ɗaya a farkon Janairu ɗaya a ƙarshen Disamba. Yarinya mai shekara 7 yanzu za ta yi ƙuruciyarta duka tana azumi da ƙaramar sallah cikin dusar ƙanƙara. Bikin hunturunta ke nan, kuma ya cancanci haskensa. Misirawa sun daɗe suna rataya fitilun azumi a tituna, Musulman Amurka da yawa sun ɗauka, kuma a Kolombus akwai Somaliyawa masu yawa, za ki ga gidajensu.

Saboda haka ranar 26 ga Disamba ki shiga kanti. Ana karya farashin fitilu rabi, bayan kwanaki ya ƙara sauka. Ki ɗauki farare masu ɗumin launi, marasa siffar komai, ki ajiye. Daren da aka ga wata ku fito da su, da kwalaben nan, da watan kwaɓin gishiri. Ni ina ɗinka ƙyalle mai aljihu 30 daga ragowar atamfa, kowane aljihu da dabino ko 'yar takardar aikin alheri, yaro ya buɗe ɗaya bayan shan ruwa. Ranar sallah mukan kai wa maƙwabta cincin da dubulan, kamar yadda suke kawo mana biskit ɗinsu a Disamba.

Duk ma'aunan da na ba ki na gwada su ne a sanyi da bushewar arewacin ƙasar nan, kuma Ohayo ba ta yi nisa da mu a yanayi ba. Obin dai kowanne da halinsa, ki fara da lemu guda ki ga yadda naki yake. Ranar Asabar mai zuwa ki ba yarinyar leda, ku fita ku uku ko huɗu bayan hantsi lokacin da raɓa ta bushe, ta zaɓo ganye 30 da kanta. Ki jiƙa su a gilisarin a daren, zuwa Alhamis gammonta yana jikin ƙofa. Ki gaida maigidan da yaran.